BAƘO GABAN AKUSHI: TAMBAYA KAFIN LOMA

Muna gaida manoma da makiyaya, maza da mata, na gari da na tunga, musamman mutanen gundumar Tasawa da ta Mayahi cikin jihar Maraɗi, domin a ƙasarsu zancenmu na yau zai fi zama. Kai kuma ɗan'uwa wanda wannan takarda ta iske, ko a cibiya ko a gindin gawo, ka karanta a hankali, sa'an nan ka karanta wa na kusa da kai.

Yau za mu yi magana a kan wani abu wanda kowa ke yi amma ba kowa ya iya ba, watau cin abinci a waje. Da zarar an gama girbi, an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai hanya ta cika da mutane. Wannan zai kai wake kasuwa, wancan zai kai akuya, wani ya nufi Maraɗi ko Damagaram ko Kano cin rani, wata kuma ta rako marar lafiya gidan likita. Kowa ya bar gidansu, cikinsa na biye da shi. Ko ba jima ko ba daɗe sai ya tsuguna gaban tukunyar da ba uwarsa ko matarsa ce ta ɗora ba.

A nan ne fa baƙo kan yi hasarar abu uku a zama guda: kuɗinsa, da lafiyarsa, da mutuncinsa. Maganin ukun kuwa ɗaya ne, kuma ba a sayensa. Shi ne tambaya kafin loma. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Za mu fara da kasuwanninmu, daga baya mu leƙa wata ƙasa mai nisa, ka ga ko can ma maganin bai sake ba.

SANA'A CE TA KAKA DA KAKANNI

Kada wani ya ɗauka sayar wa matafiyi abinci baƙon abu ne da mota ta kawo mana. Cikin watan Janairu na shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Hainrik Bart, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa daga ƙasar Abzin zuwa Katsina da Kano. Cikin labarin tafiyarsa ya ambaci matan da ya iske a bakin hanya suna sayar wa ayari gujiya da dakuwa, da masu tallar nono da mai da daudawa, har da soyayyar fara a kasuwa. Shekara fiye da 170 ke nan, amma duk abubuwan nan ba wanda ba za ka samu ba in ka shiga kasuwar Tasawa.

Abin da ya ƙaru shi ne yawan baƙi da gaggawarsu. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi ta nufi Damagaram da Difa, ta ratsa Tasawa, kuma dare da rana motoci na sauke mutane masu yunwa. Mayahi kuwa, a bakin Gulbin Kaba, ran kasuwa takan tara mutanen Isawan da Gidan Amumun da Kanembakashe da sauran garuruwa, ga Fulani da Buzaye sun gangaro da bisashe. Mai raƙumi na da yakan kwana biyu ya san gari. Ɗan mota na yanzu minti goma aka ba shi.

KOWANE ABINCI DA LOKACINSA

Tambaya ta farko ita ce: yaushe aka sauke? Ka sani kowane abinci na da sa'arsa. Da sassafe koko ne da ƙosai, da waina, da fanke, da teburin mai shayi. Daga hantsi zuwa azahar sai ɗan wake, da shinkafa da wake, da dambu da kwaɗon tamaka, da awara, ga masu fura da ƙoransu. In rana ta karkata hayaƙin mahauta ya tashi, lokacin tsire da balangu ya yi. Tuwo kuwa bayan magariba ya fi auki. Wanda ya je neman waina da la'asar zai samu, amma ta safe ce, ta yi sanyi, ƙudaje sun riga shi.

In ba ka san gari ba, kada ka bi ƙamshi kaɗai. Tambayi ɗan gari, ko mai shago, ko ɗan kamasho a tasha, ka ce masa: "Malam, ina mutanen gari ke ci?" Tukunyar da ake layi a kanta ba ta kwana, kuma wadda ƴan gari ke komawa gare ta kullum ba ta iya yin wasa da sunanta. Ka lura kuma da kwanakin da ba a hura wuta. Cikin watan azumi masu abinci ba su fitowa da rana, kuma matafiyi ko marar lafiya wanda aka yi wa rangwame ya nemi lungu ya ci, kada ya zauna tsakar kasuwa yana tauna a idon masu ƙishirwa. Ran Juma'a ma, in an kusa hawa, kowa na rufe kayansa.

BAKI NA ƘIRGA DALA, ALLO NA RUBUTA SEFA

Yanzu ga babban ramin da baƙi ke faɗawa. A ƙasarmu baki na ƙirga dala, takarda kuwa na rubuta sefa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Saboda haka abin da mai tuwo ta kira ashirin, a jikin kuɗin an buga 100. Abin da ta kira hamsin, an buga 250. Ɗari ita ce 500. Jika guda kuwa 1000 ce, watau dala 200.

Ga ƙa'ida mai sauƙi, ka riƙe ta. In ka ga lamba a rubuce a allon mai abinci, raba ta gida 5, sai ka sami dala. In ka ji dala a baki, ninka ta sau 5, sai ka sami abin da ke rubuce. Bari mu yi misali. An zuba maka shinkafa da wake na dala 40, ka ƙara nama na dala 30, da ruwan leda na dala 5. Duka dala 75 ke nan, a rubuce 375. Ka miƙa takardar 500, watau dala 100. Canjinka dala 25 ne, a rubuce 125. Ka ƙirga shi a gaban mai abinci, ba sai ka shiga mota ba. Ƙirga canji ba zargi ba ne, kuma mai gaskiya ba ta jin haushinsa.

Ƴan'uwanmu na Katsina da Daura da Kano su ne wannan lissafi ya fi ruɗawa, domin su a wurinsu hamsin hamsin ce. A kudancin gundumar Tasawa, wajen Korgom da Hawan Dawaki inda aka kusanci iyaka, naira da sefa sukan haɗu a faifai guda, kuma darajar naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. To, kafin a zuba sai a daidaita: da wane kuɗi za a biya, kuma nawa aka canza yau. Magana ɗaya a farko ta fi rantsuwa goma a ƙarshe.

Ka sani kuma dafaffen abinci ba a tayinsa. Ba akuya ba ce, balle a ce albarka a sake sallama. Kai ne za ka yanke wa aljihunka, ka ce: "Inna, a zuba mini na dala 40." Sa'an nan ka ƙara tambaya: "Da nama ne ko ban da nama?" Sau da yawa rigimar tasha daga nan take tashi, an tsoma wa baƙo tsoka biyu ya zaci kyauta ce. Gyara kuwa alheri ne na mai kaya. In ta ƙara maka ludayi guda ka gode, in ba ta ƙara ba, ba ta ci bashinka ba. In a tasha kake, biya tukuna ka karɓi canjinka kafin ka sa hannu, domin direba ba ya jiran kowa, kuma in ya danna oda ko dai ka gudu da haƙƙin mutane ko ka bar naka.

LADABIN ZAMA

Mutunci shi ne abu na biyu. Rumfar mai abinci gidanta ne na yini, saboda haka shiga da sallama. In ta haife ka ka ce Inna ko Hajiya, in ta girme ka kaɗan ka ce Yaya. Wanda ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya ya ce "ke mai tuwo", ya riga ya rage wa kansa miya. In tabarma aka shimfiɗa, tuɓe takalmi. In benci ne, gaida waɗanda ka tarar, ka zauna inda aka matsa maka, kada ka tsallake akushin wani.

Ci da dama, miƙa kuɗi da dama, karɓa da dama. In kun yi tarayya a kwano guda, ci gabanka, kada hannunka ya yi ƙetare. Nama ba a fara shi, kuma ba yaro ke raba shi ba. A bar wa babba ya tura wa kowa rabonsa. Kada ka ɗaga kwano ka shinshina, domin a wurinmu zagi ne ga wadda ta dafa. In miyar ba ta yi maka ba, ci abin da za ka iya ka tashi, gobe ka sake rumfa. Kowane gari da hannunsa: wani wuri daudawar ɗorawa ce, wani wuri ta batso, wani gari yaji ne gaba. Baƙon da ya zauna yana cewa "a garinmu ba haka ake yi ba", an ji, amma ba garinsu yake ba.

Sai batun bisimilla. Duk wanda ke ci, in wani ya iso, lalle ya ce masa bisimilla, ko bai san shi ba. Kai ma kada ka manta da wannan. Amma in kai aka yi wa, ka gane yawanci girmamawa ce. Amsarta ita ce: "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." In mutum ya maimaita sau biyu sau uku, har ya turo kwanon gabanka, to da gaske yake, sai ka wanke hannu ka yi loma ɗaya ko biyu don kada ya ga ka raina shi. Wanda ya ji bisimilla guda ya naɗe hannun riga ya share wa talaka abin da ya saya da dalarsa ta ƙarshe, ba a hana shi, amma za a daɗe ana labarinsa.

Wanda ya ce "zo mu je mu ci" shi ke biya. In kuwa kowa da aljihunsa ne, a faɗa tun a hanya. In za ka ba almajiri, ɗebe masa a ƙoƙonsa kafin ka sa hannu, ya fi ka miƙa masa abin da ka dagula. Mace baƙuwa kuwa, wadda tafiya ta kama, yawanci takan zauna kusa da mai abincin ko wajen ƴan'uwanta mata. Ku maza ku ba ta wuri, ku kau da ido. Yunwa ba ta san namiji ko mace ba.

GABAN MAHAUCI

Ba a wuce Tasawa ba a yi zancen kilishi ba, domin sunan garin ya yi nisa a kansa, kuma matafiya da yawa shi ne tsarabarsu. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a tsoma shi cikin laɓu, sai mai da gishiri da ɗan kayan ƙamshi. Tambayi wanne ne kafin a naɗe, musamman in za ka kai wa tsoho ko mai gyambon ciki wanda yaji ke wahalarwa. Mahauci yakan yanko ɗan ƙyalle ya miƙa maka ɗanɗano. Karɓi guda, ka yanke shawara. Mai zagaya tukuba biyar yana ɗanɗano har ya ƙoshi, mahauta sun san shi, sun kuma sa masa suna.

Kilishin kirki busasshe ne, yana karyewa, ba ya warin tsohon mai, kuma a rufe yake. Tsire da balangu kuwa a ɗauko maka daga kan wuta. In ɗanye za ka saya, nemi wanda aka yanka a mayanka, ma'aikacin dabbobi ya duba ya buga masa hatimi. Naman da aka kawo maka a lungu da almuru, da araha wadda ta wuce hankali, ka tambayi kanka me ya sa mai shi ke gudun rana.

CIKI BA YA KARƁAR HAƘURI

Abu na uku shi ne lafiya, kuma shi ya fi sauran tsada. A shekarar 2018 cutar amai da zawo, wadda likitoci ke kira kwalara, ta ɓulla a gundumar Madarunfa ta bazu cikin jihar Maraɗi. A 2021 ta sake dawowa jihohi da dama, har da Maraɗi da Damagaram, ta ɗauki rayuka. Wannan cuta ba iska ce ke kawo ta ba. Ƙwayarta na fita cikin bayan gidan mai ciwo, ta shiga ruwa, ko ta hau hannu, ko ƙuda ya ɗauko ta, ta sauka cikin abinci. Zazzaɓin taifot ma hanyarsa ke nan.

Saboda haka ka kiyaye abu huɗu. Na farko, wanke hannu da sabulu, a zuba maka ruwa daga buta yana zuba ƙasa. Kwanon ruwan nan guda wanda mutum ashirin suka tsoma hannu a ciki, na ashirin da ɗaya ba wanki ya yi ba, ɗauka ya yi. Na biyu, ci abinci da zafinsa, domin wuta na kashe ƙwayar cuta. Na uku, tambayi ruwan da aka dama fura ko kunu da shi, na famfo ne ko na tabki, balle da damina. Na huɗu, ɗanyen ganye da tumatir da aka yanka tun safe aka bari a buɗe, haƙura da su, haka yankakken kankana.

In kuwa zawo ya kama ka a hanya, kamar ruwan shinkafa, kada ka ce sai ka isa gida. Sami lita guda ta ruwa mai tsabta, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka dama, ka yi ta kurɓa, a nufi gidan likita mafi kusa da kai nan take. Kwalara na iya ƙarar da ruwan jikin ƙato cikin sa'o'i kaɗan.

CAN ƘASAR SIPANIYA

Yanzu bari mu ƙetare teku. Wataƙila ka ce, me ya haɗa mutumin Mayahi da ƙasar Sipaniya? Aya ce. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi, ƴan kasuwa na saye su kai Nijeriya, wani kashi kuma har Sipaniya, domin mutanen Balansiya na jiƙa ta su niƙa su tace su sa sukari, su sha da sanyi lokacin zafi. Su suna kiransa orcata, mu kuwa kunun aya muka san shi. Ban da aya, ƴaƴanmu ma na zuwa, wani karatu, wani taro, wani kasuwanci. Ba muna zuga kowa ya bi hamada da kwalekwale ba, wannan hanya ta ci rayukan da ba su ƙirguwa. Muna magana ne da wanda ya tafi da takardunsa, da kuma kai da ke gida, don ka ga kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tambayar lokaci ita ce ta farko can ma. Babban abincinsu na rana ne, tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4. Daga nan a kashe wuta, ba a sake hurawa sai wajen ƙarfe 8, kuma mutanen gari ba su zama cin na dare sai ƙarfe 9 ko 10. Baƙon da ya je ƙarfe 6 na yamma yana neman abin da zai riƙe ciki zai iske kujeru, ba zai iske mai dahuwa ba. Wannan jinkiri na da dalili. A watan Maris na 1940, zamanin mulkin Janar Faranko, aka tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, ba a kuma mayar ba. Da sanyi agogon Madrid daidai yake da namu, ko da yake rana na yin tsaka can fiye da minti 40 bayan ta yi a Tasawa. Da zafi kuma sukan ƙara wata sa'ar. Ka ga ke nan sa'ad da agogonsu ya buga 2, rana tsaka take. Cikinsu rana yake bi, kamar namu.

Tambaya ta biyu, me ke ciki, can ta fi nauyi ga Musulmi, domin naman alade ya shiga girkinsu ƙwarai. A nan karatu zai cece ka. Riƙe waɗannan kalmomi yadda ake rubuta su da yadda ake faɗa: cerdo, a ce serdo, shi ne alade, jamón, a ce hamon, cinyarsa ce busasshiya wadda za ka ga an rataye, chorizo, a ce coriso, tocino, a ce tosino, manteca, a ce manteka, yawanci kitsensa ne, har cikin wasu kayan zaƙi ana sa shi. Vino, a ce bino, giya ce. Kada ka ga kwanon wake ka saki jiki, domin sukan dafa wakensu da coriso. Faɗa wa mai hidima tun farko: "sin serdo", watau ban da alade. Kifi, da wainar ƙwai da dankalin turawa wadda suke kira tortiya, su ne mafakar baƙo, su ma a tambaya. Mai son naman da aka yanka bisa shari'a ya nemi inda aka rubuta halal. A manyan birane kamar Madrid da Basalona akwai gidajen abinci na mutanen Maroko da Senegal da Pakistan. Za ka kuma ji kalmomin da kunnenka ya sani, domin Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492: zaitun suna ce masa asaituna, sukari kuma asukar.

Tambaya ta uku, nawa ne. Kuɗinsu yuro ne tun 2002, kuma yuro guda sefa 656 ne in an cike, watau wajen dala 131. In ka ga an rubuta 12, kada ka yi murna ka tuna dala. Ninka, za ka ga ya kusa jika 8. Abin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne wanda suke kira menu del diya, abincin rana na ranakun aiki: kwano na farko, da na biyu, da kayan zaƙi, da burodi, da abin sha, duka a farashi guda wanda ake rubutawa a allo a bakin ƙofa. Abin shan nan kana iya cewa ruwa. Tun shekarar 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, amma na kwalba sayarwa ake yi. A wurare da yawa wanda ya ci a tsaye gaban kanta ya fi wanda ya zauna a tebur na waje biyan kaɗan. A Garnada in ka sayi abin sha sukan haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, wanda suke kira tapa, amma a wasu biranen kuɗi ne. Gyararsu ke nan, ita ma ba tilas ba ce.

Ladabinsu ya saɓa da namu a wasu wurare. Mu mukan ci shiru, hira ta biyo baya a tabarma. Su kuwa da hira suke ci, in an gama kuma a zauna a tebur ana ta zance. Don haka mai hidima ba ya kawo takardar kuɗi sai an nema, domin a wurinsu kawo ta kamar kora ce. In ka gama, ɗaga hannu ka ce: "la kwenta, por fabor." Ba a yi masa tafi, ba a yi masa sit. Ɗan abin da za ka bar masa a faranti ganin damarka ne. Gyatsa a gaban mutane abin kunya ne. Cin abinci da hagu ba laifi ba ne a wurinsu, kada ka ga an yi ka ɗauka raini ne. Kai ka riƙe cokalinka da dama, ba mai hana ka. Abokai sukan raba kuɗin daidai wa daida, sai wanda ya ce shi ya gayyata.

Amma akwai inda muka haɗu. Su ma sukan ajiye babban faranti a tsakiya kowa ya ɗiba ta gabansa. Kuma tsofaffinsu, in suna ci wani ya iso, sukan yi masa tayi, shi kuwa ya amsa da "ke aprobece", watau a ci lafiya, ya wuce. Ashe bisimillarmu na da ƴar'uwa a bayan teku.

KALMA GA MASU TUKUNYA

Kafin mu rufe, ga saƙo gare ku iyayenmu mata masu abinci, da mahauta, da masu shayi. Baƙo raɓa ne, amma bakinsa na daɗewa. Wanda kuka ƙara wa kuɗi don kun ji harshensa ba na gari ba ne, zai je Agadas ko Kano ya ce haka mutanen Tasawa suke, haka mutanen Mayahi suke. Ku rufe abinci, ku ajiye buta da sabulu, ku faɗi gaskiyar abin da ke cikin tukunya. Ku sami ɗan allo ku rubuta farashi, ko ku sa ɗanku ya rubuta, ku rataye inda kowa zai gani. Allon nan na kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Kai kuma matafiyi, ko Mayahi ka sauka ko Madrid, tambayoyin nan uku su ne guzurinka: Yaushe aka dafa? Me ke ciki? Nawa ne? Ka yi su da fara'a, ka yi su kafin loma.

Ga abin da za ku tattauna a cibiyoyinku wannan mako:

1. An rubuta 350 a allon mai shayi. Dala nawa ke nan? In ka ba da jika guda, nawa ne canjinka a baki, nawa ne a rubuce?

2. A kasuwar garinku, ina masu abinci ke samun ruwa? Me za ku iya yi, ku da sarkin kasuwa, don a sami buta da sabulu a kowace rumfa?

3. Wace al'ada ce ta cin abinci a garinku wadda baƙo ba zai sani ba sai an gaya masa? Wa ya kamata ya gaya masa?

Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa wa masu sana'a albarka.